Ɗaki ake aunawa kafin a sayi gado

Ana ta turo mini hotunan kayan ɗakin ƙanwata daga Gombe, wai in sa albarka tunda biki ya matso. Ƙaton gado, sif mai ƙofa shida, madubi, kujeru saiti guda cif, ga kabet ɗin kwanuka. Na tambayi Yaya Babba faɗin ɗakin da za a kai yarinyar a Pantami, sai ta ce, "Ke dai ki ce Allah ya sa alheri, ai za su shiga." Za su shiga ɗin, na sani. Amaryar ce ban san inda za ta shimfiɗa sallaya ba.

Nan Manchesta ɗaki ba ya yi wa kowa kara. Tun 2018 dokar Ingila ta ce a gidan hayar haɗaka mai lasisi, ɗakin kwanan mutum guda kada ya gaza murabba'in mita 6.51, wasu masu gidan kuwa daidai nan suke tsayawa cak. Nawa da kaɗan ya ɗara hakan. Shi ya sa wata abokiyar aiki ta ja ni IKEA da ke Ashton, kantin kayan ɗaki na mutanen Suwidin ɗin nan da Ingvar Kamprad ya kafa a 1943.

Kuna shiga za ku ga tef ɗin awo na takarda da ɗan guntun fensir, kyauta, kowa ya zara. A ciki kuma sun gina gidaje sukutum, da falo da ɗakin kwana da madafa, sun rubuta girman kowanne a bango, kuma duka gidan bai kai wani falon da na sani a Tudun Wada ba. Na shiga na tsaya baki buɗe. Ƙarƙashin gado duk durowa ce. Teburin cin abinci a jikin bango yake, in an gama a naɗe shi ya kwanta. Ma'ajiyar takalma kaurinta bai wuce taƙi guda ba, ta lafe a bayan ƙofa. Duk abin da mu muke zubewa a ƙasa, su sama suka hau da shi, har kusa da silin. Kowane kaya da takardarsa a rataye, tsawo kaza, faɗi kaza. Wata ma'aikaciya da na nuna wa sif ɗin da nake so, kafin ta yi maganar kuɗi sai da ta tambaye ni ta ina ƙofar ɗakina take buɗewa, kuma a wane bango na'urar ɗumama ɗaki take. Daga ƙarshe ƙarami ta nuna mini, mai arha ma. Mai kanti ya hana ka sayen mai tsada! Kuma in ka je gida ka ga bai yi ba, suna karɓar kayansu har kwana 365. A wajenmu kaya in ya bar shago, sai dai ka je ka yi ta "don Allah, Alhaji".

Mu fa, gaskiya ɗaya ce, don 'yan ganin ɗaki muke jere. Uba ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta, ranar jere a ɓalle ƙyaure don gado ya shiga, sif ya toshe taga, ga zafin Gombe a watan Afrilu. Mata su zo su ƙirga kujeru su watse, a bar yarinya tana tafiya a karkace a ɗakinta.

Kada ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. A kwali ake ba ka kaya fala-fala, da takarda mai zane babu rubutu, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na ɗaure kusoshi, ka je ka zama kafinta da kanka. In ka kira mai haɗawa, ladansa kan kusa kamo kuɗin kayan. Yawancin masu arhar garin katako ne aka manne, ƙaura biyu ya fara rawa. Ƙusa guda ba ka bugawa sai da izinin mai gida. Wanda na fara zama a gidansa ya zaftare mini kuɗin ajiya saboda hudar da na rataye Ayatul Kursiyyu, har da hoton ramin ya turo mini.

A nan nake kewar kafintocinmu na Jekadafari, duk da "gobe" ɗinsu da ba ta ƙarewa. Mutum ya yi maka gadon madaci da jika zai gada. Da za mu kira shi ya auna ɗaki tukuna, mu ce ya sa durowa a ƙasa, wallahi zai yi wanda ya fi na nan. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce, Kaka a ragaya take rataye ƙorenta, tabarma kuwa da safe a naɗe a jingine. Tabarmar ce ma na rasa irinta duk faɗin kantin. Duk mai tahowa Manchesta daga gida, don Allah ya riƙo mini tabarmar kaba biyu, zan biya kuɗin kaya.