RTX 3050 mai giga 6 ko RTX 3060: wanne zai zauna a kwamfutarka?

Ɗan uwa, na ga tambayarka, ka ce kwamfutarka irin ta ofis ce, fawa safulai ɗinta, wato akwatin da ke ba ta wuta, wat 300 ne kuma babu wata waya da ta rage a ciki, kana so ka saka mata katin girafik saboda gem da editin bidiyo amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin RTX 3050 mai giga 6 da RTX 3060 mai giga 12. To gaskiya idan ƙarfi kawai za a duba ai babu ma gasa, 3060 ya yi masa nisa sosai, memorinsa ninki biyu ne, hanyar da bayanai ke bi a cikinsa ma bit 192 ce ta ɗayan kuwa 96. Sai dai ba nan matsalarka take ba, matsalarka wuta ce.

Ramin da ake soka katin a jikin madabod (babban allon da komai ke jone a kai), wato PCIe x16, iyakar wutar da yake bayarwa wat 75 ne. Shi 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024 wat 70 yake ci, kaga kenan ramin kaɗai ya ishe shi, ka soka ka ɗaure noti shikenan, Nvidia ma, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, fawa mai wat 300 suka ce ya wadatar masa, daidai da naka. Shi kuwa 3060 na 2021 wat 170 yake ja, dole sai an jona masa waya mai baki 8 daga fawa, kuma wat 550 kamfanin ya ba da shawara. Ma'ana in ka saye shi ka sayi aiki biyu, kati da sabon fawa, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami domin yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP fawarsu ba irin ta gama gari ba ce, bakin wayar da ke shiga madabod ɗin daban ne, wani lokacin ma girman akwatin fawar daban, sai ka sayo sabo mai kyau ka dawo gida ya ƙi shiga ko'ina.

Don Allah kada wani ya ce maka ka sayi ƴar wayar nan da ke juya bakin SATA, wato wanda ke ba hadis wuta, ya koma baki 6 ko 8. Bakin SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka, waya mai baki 8 kuwa har 150 ake ja ta cikinta, na taɓa gani da idona robar ta narke ta manne a jikin katin wani abokina, wallahi har yau abin yana min ciwo saboda kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne.

Sai maganar wuri. Buɗe murfin ka auna da tef kafin ka biya ko sisi. In kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, siririn nan ne to 3060 ba zai ma bari murfi ya rufu ba, shi kuwa 3050 akwai gajerensa da aka yi musamman don irin waɗannan. Amma ka lura da kyau, akwai wani 3050 mai giga 8, sunansu ɗaya amma shi wat 130 yake ci kuma yana neman waya, ka karanta kwalin sosai.

Wajen sakawa kusan duk ɗaya ne. Ka kashe kwamfutar ka zare ta daga soket, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen kes kafin ka taɓa katin, ka cire ƙarfen da ya toshe bayan ramin, ka danna katin a hankali har ka ji ƴar maƙalar ta kama. Abin da kowa ke mantawa, wayar monita a jikin katin za ka jona ta yanzu ba a madabod ba, in ba haka ba sai ka ga baƙin allo ka ɗauka katin ne ya mutu. Daga nan ka sauke direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, daga shafin Nvidia kai tsaye.

Ni dai da ni ne da wannan kwamfutar 3050 mai giga 6 zan ɗauka, zai yi maka gem a 1080p in ka rage saitin kaɗan, editin ma zai sauƙaƙa sosai. 3060 sai in ka tabbatar madabod ɗinka mai baki 24 ne na gama gari da sabon fawa zai shiga, kuma kes ɗin yana da fili. Ɗauko hoton takardar da ke manne a jikin fawar da na cikin kes ɗin ka turo mu gani kafin ka saya.