Waya ko Garmin: Me Za Ka Saya Kafin Farautar Akwatin Ɓoye a Uawa?

Wasan da ake kira Geocaching ɗan uwan wasan ɓuya ne da muka yi muna yara, sai dai nan abin da ake ɓoyewa akwati ne, ba mutum ba. Wani zai ajiye ɗan gwangwani mai takardar sa hannu a ciki, ya saka lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi na'urar GPS har ka gano shi. An fara shi ne ranar 3 ga Mayu, 2000, a jihar Oregon ta Amurka, kwana guda bayan gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS ga farar hula. Yanzu akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

A cikin birni duk wayar da ke hannunka ta isa. Ƙauye ne ke sa mutum ya tsaya ya yi lissafi, shi ya sa na ɗauki Uawa misali, garin da taswira ke kira Tolaga Bay, kimanin kilomita 55 arewa da birnin Gisborne a gabar gabashin Niyu Zilan. Ƙasar ƙabilar Te Aitanga-a-Hauiti ce ta Maori, wato 'yan asalin Niyu Zilan. Nan jirgin ruwan Kyaftin Cook, Baturen Ingila mai binciken teku, ya yada zango a Oktoban 1769, ya ɗebi ruwa da itace, Tupaia mutumin tsibirin Ra'iatea yana yi musu tafinta, domin harshensa da na mutanen garin suna jin juna. Ga kuma gadar jiragen ruwa mai tsawon mita 660 da aka gina a shekarun 1920. Tarihi ko'ina ka taka, amma sabis ɗin waya da zarar ka faɗa kwari yakan ɗauke.

Abin da mutane da dama ba su sani ba, har su kashe kuɗi a banza, shi ne GPS ɗin waya ba ya bukatar sabis. Daga tauraron ɗan adam yake karɓar sigina kai tsaye. Taswira da bayanin akwati ne ke bukatar intanet, su kuwa ana iya sauke su tun a masauki.

Manhajar Geocaching ta kamfanin Groundspeak kyauta ce, amma mai asusun kyauta akwatuna masu sauƙi kawai take nuna masa. Kowane akwati yana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya, a karkara kuwa masu daɗin sukan kasance kan tudu. Ajiye jerin akwatuna don amfani ba intanet ma sai da rajistar Premium. Ana biya wata-wata ko shekara-shekara, mai ziyarar mako biyu wata ɗaya ya ishe shi.

Mai wayar Android yana da wata ƙofa, c:geo, wadda 'yan sa-kai suka haɗa, ba ko sisi, tana kuma ajiye taswira a cikin waya. Fuskarta ba ta kai ta farkon kyau ba, sai ka ba ta yini guda kafin hannu ya saba. Na iPhone akwai Cachly, ita ta kuɗi ce.

Sai na'urar GPS ta hannu. Garmin eTrex 22x, wadda ta fito a kan kusan dala 200, tana cin batir biyu ƙanana irin na rediyo, ta yi wajen awa 25. Ruwan sama bai dame ta ba, faɗuwa kan dutse ma haka, batir ya ƙare ka sa wani nan take. Amma allonta ƙarami ne, karanta dogon bayani a kansa azaba ce, kuma a Uawa bayanin shi ne rabin tafiyar: wa ya zauna a nan, me sunan wurin ke nufi, ina aka hana taka ƙafa. Garmin GPSMAP 67 ta fi ta kama sigina a ƙarƙashin itatuwa masu duhu, kuɗinta kuma ya ninka fiye da sau biyu. Wanda zai kwana uku a daji ya cancanci ya saye ta. Mai yawon ƙauye da bakin teku, wallahi asara ce.

Zaɓina ke nan: waya, rajistar wata ɗaya ko c:geo, pawa banki, jakar leda mai hana ruwa, da biro, domin ƙananan akwatuna ba su ɗauke da abin rubutu. Ka ƙara taswirar Topo50 ta hukumar filaye ta ƙasar, mai ma'aunin 1:50,000. In za ka yi nisa da titi, ka ɗauki hayar na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan adam. Guguwar Gabrielle ta Fabrairun 2023 ta katse hanyoyi da layukan sadarwa na wannan yanki kwanaki, mutanen wurin ba su manta ba.

Amma akwai zaɓin da ya fi na na'ura nauyi a wurina, wato irin akwatin da za ka bi. Duk kyawun GPS, takan bar ka da kuskuren 'yan mitoci, sauran aikin na hannu ne: ɗaga dutse, leƙa kogon itace, yaye ciyawa. A wurin shaƙatawa ba laifi. A ƙasar Maori kuwa tudun da kake gani fili ne na iya zama pā, wato kufan tsohon gari mai ganuwa da gwalalo, ko urupā, maƙabarta, ko wāhi tapu, wuri mai alfarma da ba a shiga gaba-gaɗi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Wa zai ji daɗi ya tarar da baƙo yana tona duwatsu a gefen kabarin kakansa saboda wasa? A al'adarsu ba a cin abinci a urupā, kuma in an fito ana wanke hannu da ruwa. Marae, dandalin taron dangi, ba a shiga sai an yi maka iso. Dokar adana kayan tarihi ta 2014 ma ta haramta lalata ko sauya duk wani wurin tarihi na kafin shekarar 1900 ba da izini ba, dokar wasan kanta kuma ta hana binne akwati ko tona ƙasa.

Don haka a irin wannan gari na fi son nau'o'in da ba gwangwani a cikinsu. EarthCache zai kai ka gaban wani dutse ko gaɓa, ya yi maka tambaya kan yadda ƙasa ta samar da shi, ka amsa da abin da idonka ya gani. Adventure Lab, mai manhajarsa daban, zai bi da kai zango-zango kana amsa tambayoyi, sai dai shi yana son intanet, ya fi dacewa da cikin gari. Idan na gwangwani za ka bi, karanta bayanin mai shi da na waɗanda suka riga ka zuwa. Lambobi suka nuna bayan shinge, ka tsaya a shingen ka tambayi mutanen gari.

Lokacin tafiya ma a duba. Hanyar ƙafa ta zuwa Opoutama, inda Cook ya ɗebi ruwa, kusan kilomita 6 ce zuwa da dawowa, ta cikin gonar kiwo take ratsawa, kuma ana rufe ta daga 1 ga Agusta zuwa wajen ƙarshen Oktoba saboda haihuwar tumaki. Takalmin yawonka kuwa ka wanke shi tas kafin ka hau jirgin zuwa Niyu Zilan, ka kuma bayyana shi a filin sauka, domin rashin bayyana kaya irin wannan tararsa dala 400 ce ta kuɗin ƙasar.