Akwatin yadi ko mai tauri don dawowa Yamai da tsaraba?

Hajiya, kin tambaya wane akwati za ki saya, na yadi ko mai tauri: ki ɗauki na yadi mai taya biyu. Tunda akwati na biyu za ki ƙara don kayan da kika saya a hutu, kuma daga Yamai sai kin hau kar, wato babbar motar fasinja, zuwa garin Tawa, wannan shi ne zai kai ki gida lafiya.

Ki fara duba abin da aka rubuta a tikitinki. Galibin jiragen da ke sauka filin Diori Hamani na Yamai suna ba da akwati biyu, kowanne kilo 23, kuma tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 158. Ba a haɗa nauyin biyun: ɗaya 27 ɗaya 19, za a ce ki biya ko ki buɗe ki raba a gaban jama'a. Nauyin akwatin kansa yana cikin lissafi, babban mai tauri kan ci kilo 4 zuwa 5 tun ba ki sa ko ɗankwali ba.

Irin na yadin nake riƙe da shi, kuma ina son sa ƙwarai. Tayoyinsa a cikin jiki suke, jifan masu lodi bai fiye samun su ba. Shadda da leshi da atamfa suna kwanciya a ciki su matsu, ga aljihun waje na kayan sauyi. In zip ya lalace ko hannu ya tsinke, mai gyaran jaka a kasuwa zai ɗinke miki shi. Rauninsa biyu: ruwa yana ratsa shi, kuma in kika buɗe zip ɗin ƙarin faɗi kika cusa kaya, zai iya wuce 158 ɗin. Ki sa a naɗe shi da leda a filin jirgi.

Mai tauri yana kare turare da kwanuka, wannan kaɗai zan ba shi. Tayoyinsa huɗu a waje suke, su ke fara karyewa, kuma ba sa tafiya cikin rairayi. In dole ne, ki nemi na roba mai ƙarfi da ake kira polypropylene ko polycarbonate. Na robar da ake kira ABS tsagewa yake a kusurwa, in ya tsage babu ɗinki.

Ki yi hattara da masu shago. Wasu suna liƙa sunan Samsonite, sanannen kamfanin akwatuna, a kan jabu, ko su ce polycarbonate ne alhali ABS ne da ɗan shafe a sama. Ki danna tsakiyarsa da tafin hannu: na kirki yana lotsawa ya dawo. Ki ja zip har ƙarshe, ki girgiza sandar ja, ki sa a auna shi babu kaya.

Turaren da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, ki naɗe shi a tsakiyar tufafi. Batirin cajin waya kuma a hannu ake riƙe shi, ba a akwati ba. In akwatin ya iso a fashe, ki cika takardar PIR, wato ta rahoton lalacewar kaya, kafin ki fita daga zauren kaya, sannan ki kai wa kamfanin jirgin ƙorafi a rubuce cikin kwana 7. Kada ki cire takardar lambar da aka liƙa masa sai an gama maganar.