Laftof ta ƙi kunnuwa: wurin wa za a kai ta?

Idan aka ce laftof ta ƙi kunnuwa, cuta uku ake nufi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda za ka danna makunni ba fitila ba motsin fanka, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Akwai wadda fitila ke kamawa, fanka ta juya, amma sikirin baƙi ƙirin. Akwai kuma mai nuna tambarin kamfani sannan ta tsaya cak. Ta ukun nan da ranta, galibi matsalar Windows ce ko ta ma'ajiyar bayanai, kuma duk mai gyaran da ya ce maka bod ne ya ƙone, wato babban faifan cikin laftof da duk sassanta ke haɗe a kai, ɗauki kayanka ka ƙara gaba. A kan biyun farko za mu yi magana.

Wurin gyara na farko ɗakinka ne, kuma ba ya cin ko sisi. Zare caja, cire batir idan mai fita ne, ka danne makunni na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja ita kaɗai ka gwada. Yawancin ThinkPad masu batir a ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa tsinke a danna, aikinsa ke nan. Daga nan sai caja. Juya bayanta ka karanta: galibin HP da Dell bolt 19.5 suke sha, Lenovo 20, Acer da Asus da Toshiba 19. Aro irinta a wurin wani ka gwada, don sau da yawa cajar ce ta mutu, laftof lafiyarta ƙalau. Idan cajarka mai fitila ce, zuba mata ido lokacin da kake sa ta. Fitilar tana ci, kana sokawa ta ɗauke? To wuta ta haɗe a cikin bod, cajar tana kare kanta ne. Daina gwadawa a nan.

Mai baƙin sikirin kuwa, jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Idan hoto ya fito, sikirin ne ko wayarsa. A Dell, danne harafin D tare da makunni: idan launuka suka riƙa sauyawa, sikirin yana da lafiya. Dell ɗin yana ma faɗin ciwonsa da ƙiftawar fitila. Ruwan lemo biyu fari uku na nufin bai ga RAM ba, wato ɗan faifan da ke riƙe aikin da laftof ke yi a lokacin, biyu da bakwai kuma sikirin ne. RAM ɗin nan ƙurar hunturu kaɗai tana iya hana ta haɗuwa. A ciro ta, a goge haƙoranta da robar goge fensir, a mayar har ta ce ƙas. Wadda shayi ko kunu ya zube mata kuwa, kada a kunna ta, kada a binne ta a buhun shinkafa. A cire batir, a kai ta gyara a ranar, domin muddin akwai wuta a jikin bod, lemar tana cin sa ne.

Idan duk wannan bai tashe ta ba, sai fita. Ofishin gyara na kamfanin yana da amfani ne kawai idan sabuwa ka saya kuma garanti bai ƙare ba, wanda yawanci shekara ɗaya ce. Mai tokumbo ba shi da abin nema a can. Mai gyaran waya na bakin titi, bar shi da wayoyinsa. Sayen wata laftof kuma shi ne na ƙarshe, sai an tabbatar kuɗin gyara ya haura rabin farashin irinta ta hannu.

Saura biyu: mai canza bod ɗungurungum, da mai gyaran bod ɗin. Ni dai na biyun nake ba da shawara, ga kuma dalili.

Wutar laftof bi da bi take tashi. Daga bakin caja ta ratsa wasu ƙananan makunnai guda biyu da ake kira MOSFET, ta hau babban layin bolt 19. Daga nan wata aisi, wato 'yar na'ura mai ƙafafu da ke manne a bod, ta sauko da ita zuwa bolt 3.3 da bolt 5. Waɗannan ne ke tada ƙaramar aisin da ke sauraron makunni, ita kuma ta ba da izini a karanta BIOS, wato umarnin farko da ke tada laftof, sannan wutar RAM da ta furosesa, ƙwaƙwalwar laftof, su biyo baya. Ko'ina layin ya yanke, abin da za ka gani ɗaya ne: shiru. Kuma mai laifin sau da yawa kafasita ce, 'yar ma'ajiyar wuta da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ko MOSFET ɗaya da ya ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ko janareto ya yi tari. Jefar da bod gaba ɗaya saboda wannan kamar rushe ɗaki ne don ƙwan fitila ya mutu.

Teburin mutum shi ke gaya maka ko ya iya wannan aiki. Nemi mita, da na'urar ba da wuta mai nuna amfiya, wato yawan wutar da laftof ke ja, da bulowa mai hura iska mai zafi, da madubin ƙara girma, da wata kwamfuta a gefe da zanen bod a buɗe. Wanda ya iya ba ya fara kwance komai sai ya jona laftof ɗin a na'urarsa ya kalli lamba. Idan ta tsaya a sifili, wuta ba ta shiga ba, zai koma bakin caja da MOSFET. Idan ta yi tsalle ta kai ƙarshe nan take, wuta ta haɗe. Idan ta ɗan ɗaga bayan an danna makunni sannan ta maƙale, hankalinsa zai koma kan BIOS ko RAM. Wajen neman inda ta haɗe, zai saki kamar bolt ɗaya a layin, ya shafa sifirit a wurin, ya duƙa yana kallo. Inda sifirit ya fara bushewa, nan zafi yake, nan ɓarawon yake. Ya ɗaga shi da ɗan hantsaki, ya sake aunawa, mita ta daina kuka. Wasu suna da kyamarar ganin zafi, ta fi sauri, amma sifirit ma yana yi.

Idan BIOS ne, 'yar aisi ce mai ƙafa takwas da ake sake rubutawa da na'ura irin su CH341A ko RT809F. Abu ɗaya za ka roƙa: ya kwafe abin da ke ciki ya adana kafin ya rubuta sabo. Lambar laftof ɗinka tana ciki, haka ma lasisin Windows, wanda tun fitowar Windows 8 a 2012 ake dasa shi a nan. Ana samun masu wannan aiki a Farm Centre da Beirut Road a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, sai dai ba kowane shago ba. Tambayi masu sayar da kayan gyara wa suke kai wa nasu idan ya gagara. Kuma idan ya nemi kuɗin dubawa, biya shi da daɗin rai. Wanda ya duba maka kyauta a wani wurin zai fanshe.

Gyaran bod yana da iyaka. Idan MOSFET ɗin da ya ƙone ya bari bolt 19 ta wuce har cikin furosesa, an gama, don a laftof na zamani manne yake da bod. A nan ne canza bod ke da hujja. Sai dai ka san abin da kake saya: kusan duk bod ɗin kasuwa daga cikin wata laftof aka ciro shi. Sunan laftof bai isa ba, a daidaita lambar da ke rubuce a jikin bod, irin masu farawa da LA ko DA0 ko NM, a kuma duba furosesan da ke kai, kada a karɓi Core i7 a ba ka i3. A shiga BIOS a gabanka, domin wasu suna zuwa da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su a Turai. Sannan idan BitLocker, makullin da Windows ke kulle fayiloli da shi, yana kunne, sabon bod zai nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Nemo shi tun kafin a taɓa komai. A MacBook masu furosesan M1 ma'ajiyar manne take da bod, ka canza shi ka yi ban kwana da fayilolinka.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, kuma ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci.

Na farko gasa bod. Mutum bai auna komai ba, ya ɗauki bulowa ya bi bod da zafi har ta kawo hoto. Ka biya kana murna, bayan sati biyu ta koma, wannan karon bod ya lanƙwashe, mai gyara na gaskiya ma ba zai iya ceto shi ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ɗan'uwansa shi ne wanda zai cire MOSFET ko fiyus ya ɗaura waya a gurbinsu. Za ta tashi kam, amma an cire mai gadi daga ƙofa, ranar da wuta ta sake hauka kai tsaye furosesa za ta nufa. Tambaye shi ƙarara me ya cire, me ya mayar, ya nuna maka.

Na biyu musanya. An kai laftof da RAM mai giga 8, ta dawo da 4. Batir mai awa huɗu ya koma mai minti arba'in, a ce ai dama ya gaji. Sikirin mai 1920 da 1080 ya koma mai 1366 da 768, sai bayan kwana biyu ka lura rubutu ya yi kauri. Maganinsa kafin ka bar gida ne. Ɗauki hoton lambar da ke ƙasan laftof. A buɗe ta a gabanka, ka ɗauki hoton RAM da batir da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, yadda lambobinsu za su fito, ka ɗiga musu jan farce ko alamar alƙalamin maka. SSD ɗin ma cire shi ka sa a aljihu in mai fita ne, ba a buƙatarsa wajen gyaran wuta, hotunan iyalinka kuma ba su da abin yi a shagon wani. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, sau da yawa shi zai ce ka yi.

Na uku shi ne "bod ya ƙone". Wani kafasita ɗaya zai canza, ya wanke bod da sifirit ya yi ƙyalli, ya caje ka kuɗin sabo. Ka ce tun farko tsohon bod naka ne, da shi za ka tafi. Wani kuma zai girgiza kai ya ce ba ta gyaruwa, amma don tausayi zai saye ta a matsayin kayan kwancewa. Duk wanda ya yanke wa laftof hukuncin mutuwa sannan ya taya ta, kai ta wani shagon a sake dubawa.

Sai jabun caja, wadda sau da yawa ita ce ke kashe laftof tun asali. An rubuta wat 65 a jikinta, ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fanko. Cajar Dell da ta HP suna da siririyar allura a tsakiyar bakinsu, ta nan laftof ke gane ƙarfin cajar. Jabu ba ya isar da saƙon daidai, shi ya sa Dell ke cewa bai gane cajar ba, ya ƙi cika batir, ya rage gudu. Tsohuwar caja ta asali ta fi sabuwar jabu a kwali nesa ba kusa ba.

Ranar karɓa kada ka yi sauri. Kashe ta ka kunna sau uku, da caja da kuma batir kaɗai. Bar ta da bidiyo na rabin awa ka ji ko tana ɗaukar zafi. Gwada kowace kafar USB, da kyamara, da sauti. Rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wurin rubuta umarni na Windows, zai fito da lambar batir da ƙarfin da ya rage masa, ka gwama da hotonka. A rubuta a rasit abin da aka canza da kwanakin garanti, ko da wata ɗaya ne. Sannan ka miƙa masa cajarka ya auna ta da mita kafin ka sake jona ta a gida.