Mai Takardar PMP ko Injiniya Mai Rajistar COREN?

Wanda zai ɗora bene a Gwarinpa ko Lokogoma a Abuja yakan rasa wa zai damƙa wa ragamar aikin: matashi mai takardar PMP, wato shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka, ko injiniyan da ya daɗe a filin gini.

PMP ta PMI ce, cibiyar masu gudanar da ayyuka ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, aka fara ba da takardar a 1984. Mai digiri sai ya nuna gogewar wata 36 a jagorancin ayyuka da horon awa 35 kafin ya zauna jarrabawa, kuma duk shekara 3 sai ya sabunta. Irin wannan mutum ya iya jadawali da kasafi, ya san yadda ake lissafin haɗari tun kafin farashin siminti ya tashi. Sai dai takardar shaida ce kawai, ba lasisi ba. 

Injiniya kuwa doka ce ta ɗaure shi. COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, tana nan tun 1970, idan gini ya rufta akwai inda za a kai ƙara, har a soke masa rajista. Rauninsa, a ganina, sau da yawa lissafin lokaci da kuɗi a kansa yake, ba a rubuce ba.

Ni dai in bene hawa biyu ne, injiniyan zan ɗauka, in sa wani ya riƙe littafin kashe kuɗi. Rukunin gidaje mai 'yan kwangila goma kuwa, can ne mai PMP yake cin albashinsa.