Nikon D3500 ko D7200: wacce ta dace da mai hoto a Kabi?

Jama'a wannan tambayar ta kyamara tana yawan zuwa mini daga yaran da ke son shiga sana'ar hoto nan Birnin Kebbi da Argungu da Jega, kowa dai abu guda, wai in tara kuɗi in sayi babba ko in fara da ƙarama. To na yi aiki da guda biyu na kamfanin Nikon, ƙaramar D3500 wadda ta fito 2018 da babbar D7200 ta 2015, kuma su zan yi magana a kai don su na riƙe da hannuna na san halinsu. Masu Canon ku yi haƙuri, maganar kusan ɗaya ce, 2000D ita ce ƙaramarku, 80D kuma babbar.

Abin da zan fara faɗi shi ne wanda masu shago ba su cika son faɗa ba: in rana ta fito tas ka tsayar da mutum wuri guda ka ɗauke shi da D3500 sannan ka sake da D7200 da lens iri ɗaya, wallahi da wuya wani ya rarrabe hotunan. Duk biyun megafiksel 24 ne, girman sensa, wato abin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sayi babba don hoto ya fi fitowa garau, ka tambaye shi a wane irin wuri, don bambancin ba nan yake ba. Bambancin yana fitowa ne sa'ad da aiki ya yi zafi, haske ya yi ƙaranci, mutane suna motsi, ƙura tana tashi, kuma abin da ya wuce ba a maimaita maka shi.

Mu fara da D3500 don ina ƙaunarta gaskiya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, gangar jikinta giram 365 ne, ita kuwa D7200 ta kai 675, in ka wuni da ita rataye a wuya wurin ɗaurin aure za ka san akwai bambanci. Sannan batir, nan kam ƙaramar ta doke babbar, kamfanin ya ce caji guda yana ɗaukar hoto 1,550, D7200 kuwa 1,110, kuma ga wanda ke zuwa aiki ƙauye inda ba wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka tahi da batir biyu ka gama biki kaf ba ka nemi soket ba. Tana da wani tsari da suke ce wa Guide wanda ke yi wa sabon shiga jagora, ya nuna maka yadda za ka sa bayan mutum ya dushe ko ka tsayar da abin da ke gudu. Don hoton fasfo a shago, hoton suna, kayan da mata ke sayarwa a WhatsApp, atamfa da takalma da turaren wuta, ta isa har ta yi saura.

Amma fa an rage mata abubuwa don a sauke farashi, kuma wasu daga ciki suna da ciwo a wannan yanki namu. Na farko ƙura. Kun san yadda hunturu ke yi muna daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ko'ina, ka aje waya minti kaɗan ta yi fari. D3500 ba a toshe mata kafofin jiki don ƙura da danshi ba, kuma an cire mata abin nan da ke girgiza sensa ya kakkaɓe ƙura da kansa, to in kana yawan canza lens a waje sai ka fara ganin ɗige-ɗige baƙi a hoto musamman wajen sama, sai an buɗe an goge. D7200 tana da duka biyun. Ban ce ka shiga ruwa da ita ba, a'a, amma tana jure wahala sosai.

Na biyu fokas, kuma nan ne kuɗin babbar ke tahiya. D3500 ɗigon fokas, wato wuraren da take iya kamawa ta fito da su garau, 11 gare ta kuma na tsakiya kaɗai ke da ƙarfi sosai, D7200 tana da 51, 15 daga ciki masu ƙarfin ne. In ba ka taɓa aiki a taro ba za ka ce mi ne ne abin damuwa, to ka je Matan Fada ranar babban su na bikin Argungu, da an ba da alama dubban masunta su kwasa da gudu da homa da gora su auka ruwa, ruwa na fallatsa, ƙura ta turnuƙe, kana son ka kama mutum guda da ya ɗago giwan ruwa a tsakiyar wannan cinkoson, nan ƙaramar za ta riƙa kai da komo tana neman inda za ta kama, kafin ta kama mutumin ya juya baya. Haka hawan sallah in dawaki suka taso a guje, haka Uhola a Zuru wajen rawa da kokawa. Babbar tana bin abin da ke motsi ta riƙe shi. Saurin ɗauka ba wani nisa, ƙaramar hoto 5 a daƙiƙa, babbar 6, ba shi ne abin dubawa ba, tambayar ita ce guda nawa suka fito da kyau a cikinsu. Kuma da dare wurin kamu ko dina inda fitilu ke canza kala, D7200 tana iya kama fuska a duhun da D3500 ta riga ta sallama.

Sai wani abu da ni a wurina ya fi komai, wato gidan memori biyu. D7200 za ka sa kati biyu ka umarce ta duk hoton da ta ɗauka ta aje a duka biyun. Memori na jabu ya cika kasuwa, kuma ko na ƙwarai ne yana iya lalacewa ba sallama. Ka yi tunanin amarya ta biya ka, an yi kamu an yi walima an kai ta ɗaki, ka koma gida kati ya ƙi buɗewa, da wane baki za ka yi wa iyayenta bayani? Duk wanda ke karɓar kuɗin mutane kan taron da ba a sakewa, ina ganin wannan kaɗai ya isa dalili. Ku lura, D7500 da ta zo bayanta a 2017 gida ɗaya gare ta, 80D ta Canon ma ɗaya, don haka ba kowace babba ke da shi ba, a duba kafin a biya.

Wajen sarrafawa ma akwai tazara. Babbar tana da abin murzawa biyu, gaba da baya, da ƙaramin sikirin a sama, da U1 da U2 inda za ka aje saitinka, misali ɗaya na cikin hol ɗaya na waje, ango ya fito daga zaure zuwa rana sai ka murza kawai. A ƙaramar sai ka sauke kyamara daga ido ka shiga menu. Masu bidiyo kuma ku sani D3500 ba ta da ramin makirfo sam, in za ka ɗauki wa'azi ko hira sai ka nemi wata na'urar ɗaukar murya daban, D7200 tana da na makirfo da na abin kunne. Duk biyun dai ba su yin 4K, kuma fokas ɗinsu a bidiyo ba abin yabo ba ne, nan 80D ta fi su nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar lens, wadda yara ke mantawa har sai kuɗi sun ƙare. Lens ɗin 18-55 da ke zuwa da ƙaramar in ka jawo shi ƙarshe f/5.6 yake tsayawa (lambar f in ta yi ƙasa haske ya fi shiga), lens ɗin 50mm f/1.8 kuwa hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan, shi ne sirrin hotunan nan da kuke gani fuska ta fito baya ya narke. D3500 da 35mm ko 50mm f/1.8 za ta ba ka hoton ɗaki da ya fi na D7200 mai 18-55, wannan ba na shakka a kai. Sayen babbar kyamara ka liƙa mata lens mai rauni kamar ka sayi ingarma ne ba ka bar kuɗin dusa ba. Amma a yi hattara da tarko guda: D3500 ba ta da injin fokas a jikinta, don haka tsofaffin lens irin 50mm f/1.8D masu arha ba za su yi fokas da kansu a kanta ba sai da hannu, wanda ke da G a ƙarshe za ka nema. D7200 tana da injin, duka biyun suna yi mata aiki, kuma wannan yana rage tsadar lens nan gaba.

Galibi yanzu ta hannu za ka samu, daga Kano ko Legas ko wajen wani mai hoto da ya koma sabbin kyamarori marasa madubi a ciki, tunda kamfanonin can suka karkata. To kada ka biya sai ka duba adadin hoton da ta taɓa ɗauka, a Nikon abu ne mai sauƙi, ka ɗauki hoto guda ka ɗora a shafukan da ke karanta lissafin a intanet. An ƙiyasta shotar D7200, wato abin da ke buɗewa ya rufe duk ɗauka, za ta jure hoto 150,000, in ka ga ta kusa can sai farashi ya sauka sosai ko ka haƙura. Ka ɗauki farin bango da f/16 ka ga ko akwai ɗige-ɗige, ka haska lens da tocila ka duba hazo ko fumfuna a ciki, ka gwada gidajen memorin duka biyu, ka tabbata caja da batir na asali ne.

Ni dai ga matsayata. Ɗalibi, ko mai shagon fasfo, ko 'yar kasuwar da ke son hoton kayanta, ya ɗauki D3500 ya sa ragowar kuɗin a 35mm f/1.8G da filasha da batir na biyu. Wanda kuwa ya riga ya fara karɓar aikin biki, ko yake bin hawa da wasannin gargajiya, ya daure ya nemi D7200 mai lafiya ko da zai ƙara wata biyu yana tara kuɗi, ya haɗa da lens ɗin 70-300 don abin da ke nesa, kuma ranar da ya karɓe ta ya sa kati biyu ya saita na biyun ya riƙa kwafe na farko.