Injin ban ruwa ɗan inci uku da na saya saboda ambaliya, bayan damina biyu

Shekaranjiya wani abokina ɗan Auyo ya bugo min waya wai injin nan da na saya saboda ruwa ya fanshi kuɗinsa ko asara na tafka, don shi ma yana so ya saya kafin Agusta ta kama. Ina cikin yi masa bayani katinsa ya ƙare, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk mai irin tambayarsa ya karanta ya huta.

Ni a Haɗeja nake, unguwarmu a kwari take, ba nisa da jinga. Wanda bai san garin ba, jinga ita ce tudun ƙasar nan da aka tara tsakanin gari da kogi. Shi kuwa kogin ruwansa daga Kano yake tahowa, kogin Kano mai dam ɗin Tiga tun 1974 da kogin Challawa da aka datse a 1992 su ne suke haɗuwa su gangaro ta Wudil da Ringim har su iso mana, sannan su wuce fadamun Nguru. Shi ya sa sai ka ga ana ƙwalla rana a Haɗeja ko ɗigo ba a yi ba amma kogi sai hawa yake, ruwan da aka sheƙa can sama ne yake isowa bayan kwanaki. Ga ciyawar kachalla kuma ta cinye hanyar ruwa ta ƙasa, in ya zo ya rasa wajen wucewa sai ya tsaya ya kumbura ya fara neman gidajen mutane.

A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, mun yi kwanaki muna kwana a kan jinga, matasa da dattawa, ana cika buhu da ƙasa ana jerawa da hasken tocilan da fitilar waya. Ta ɓangarenmu Allah ya taimaka jinga ta riƙe. Amma duk da haka ruwa ya shiga gidana har ya ci katangar banɗaki, kuma abin haushin ba ruwan kogi ba ne, ruwan sama ne. Kwalbatin da yake fitar da ruwan unguwa zuwa kogi dole aka toshe shi da buhuna, don in an bar shi a buɗe kogin ne zai biyo ta ciki ya dawo mana. To ka toshe ƙofar fita, sama kuma ba ta daina zuba ba, sai unguwa ta zama kwano. Muka yi ta kwarfa da bokiti da robar wanki, mata da yara, ka kwashe nan ya dawo ta can. A daren nan na yi alkawari in Allah ya kai mu wata damina sai da inji a gidana.

A Yunin 2023 na shiga Kano, kasuwar Sabon Gari. Irin injin nan ne da manoman rani suke ban ruwa da shi a fadama, mai amfani da fetur, ana jan igiya a tayar, an rubuta 6.5HP a jikinsa, baki inci uku. Na ce wa mai shagon, Alhaji orijina ne? Ya yi dariya ya ce Malam orijina ga shi can a sama, kuɗinsa ya ninka wannan har da ɗoriya, wannan ɗan China ne amma mai kyau, in ka kula da baƙin mai za ku daɗe tare. Gaskiyar da ya faɗa min ita ta sa ban ƙara gaba ba. Ya sa yaronsa ya zuba mai ya tayar a gabana, ja biyu ya kama. A nan ba ni da ƙorafi.

Inda aka yi min sakiyar da ba ruwa wajen tiyo ne. Injin tiyo biyu yake buƙata, na tsotso mai tauri mai zobe-zobe wanda ake jefawa cikin ruwa, da na fitarwa mai laushi shuɗi wanda ake naɗewa kamar tabarma. Na tsotson da aka haɗa min da shi a matsayin kyauta sirirai ne zobbansa, ranar farko da muka sa shi aiki na gaske sai ya shafe kamar an taka shi, inji yana ta ihu ruwa ba ya fita. Kilif ɗin da ke matse bakinsa ma na gwangwani ne, iska take shiga ta gefe, kuma inji irin wannan da zarar ya shaƙi iska ta wajen tsotso shi ke nan ya daina ja. Sai da wani maƙwabcinmu manomin tumatur ya zo ya yanko tsohon tif na babur ya naɗe wajen tam sannan abu ya daidaita. Ya ce min ai mu a fadama ba ma yarda da kilif, roba ita ce magani. Daga baya na sayi tiyon tsotso mai kauri da kuɗina. Don haka in za ka saya, ka taka tiyon da ƙafarka a cikin shagon, in ya lotsa ka ce a canza.

Aikin kansa kuwa wallahi yana yi. A takardarsa an ce yana fitar da kusan lita 1,000 a minti ɗaya, wannan lissafin masu sayarwa ne, in inji yana daf da ruwa kuma tiyo gajere. Mu da sai mun ja tiyo mai tsawo mun haura da shi kan jinga mun sauke ta ɗaya gefen, bai kai haka ba. Na gwada lissafi da filin da ke gaban masallacinmu, wajen mita 20 a 30 ne, ruwa ya tsaya kusan rabin ƙwauri, ka ce santimita 30, wato lita 180,000 kenan. A lissafin takarda awa uku ya kamata, mu sai da muka kusa awa biyar. Amma ka tuna da bokiti wannan ruwan sai ya yi sati yana nan, ya yi kore, sauro ya yi gida, shadda ta cika ta haɗu da shi, yara suna tsallakawa zuwa makarantar allo. Ranar muka fara bayan asuba, kafin azahar mutane suka shiga masallaci da takalmansu a ƙafa ba a hannu ba. Wani dattijo da ke gefe yana kallo ya ce ɗana Allah ya yi albarka, da ma tun shekarar da ɗakina ya faɗi kuka kawo wannan abu.

Sai dai fa yana da hali, kuma halin nasa ne yake kashe wa mutane inji. Kafin ka tayar dole ka kwance murfin da ke saman famfon ka cika shi da ruwa taf, in ka tayar da shi a bushe sil ɗin ciki, wato abin da ke hana ruwa tsiyaya tsakanin famfo da inji, zai ƙone cikin 'yan mintuna. Ni kaina na sani, amma ƙanina da na bar wa aiki na je cin abinci bai lura ruwa ya janye bakin tiyo ya fito fili ba, inji ya yi ta gudu a banza, da na dawo ruwa na tsiyaya ta tsakanin famfo da inji. Bakanike ya canza sil, ba tsada sosai kuma ana samu a gari saboda manoma, wannan ma yana cikin abin da ya sa nake son irin wannan injin, duk mai gyaran janareta ya san cikinsa, fulogi da kafireta da igiya duk iri ɗaya ne da na ƙananan janareta. Abu na biyu ruwan ambaliya ba ruwan rijiyar burtsatse ba ne, leda ce da tsumma da kara da robar fiya wata, in ba ka ɗaura kwandon tacewa a bakin tiyo ba fankar ciki za ta naɗe leda ta tsaya. Kwandon ma kar ka ajiye shi a kan laka, mu tsohon bokiti muke nutsawa mu sa shi a ciki, ko mu haƙa ɗan rami a wajen da ya fi kwari mu jera bulo a ƙasa, ruwa ya riƙa gangarowa can. Kuma dole mutum ɗaya ya zauna kusa yana cire shara da hannu, aikin ba daɗi amma ba makawa.

Mai shi ne ciwon. Na saye shi ana cikin zafin cire tallafi, tun 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Tankinsa bai cika lita huɗu ba kuma in yana aiki sosai awa biyu da ɗan wani abu ya shanye. Kwana ɗaya na marka sai ka ga jarka ta tafi. Damina ta farko ni kaɗai na riƙa saya don kunya, ta biyu na cire kunya muka yi karo-karo gida-gida, wanda ba shi da kuɗi ya ba da yaro mai jan tiyo. Na ga manoma da yawa sun mayar da nasu na gas suna ɗaura tukunya a gefe, ni dai ban yi ba, tukunyar gas a cikin ruwa da duhu da yara suna kai-kawo hankalina bai kwanta ba.

Wani abu kuma don Allah, kar wanda ya tayar da shi a cikin ɗaki ko zaure a rufe wai don kar ruwa ya taɓa shi. Hayaƙinsa irin na janareta ne, yana kashe mutum yana barci. Mu a kan benci biyu muke ɗora shi a waje mu kafa masa rumfar buhu.

Yanzu ga abin da na so in faɗa wa abokina kati ya yanke. Wannan inji ba ya faɗa da kogi. Ruwan da aka tare wa hanya yake kwashewa, ruwan sama da ya taru a bayan jinga, da wanda yake tsatsowa ta ƙarƙashin buhuna, da na tsakar gida. Ranar da jinga ta ɓalle, ko inji hamsin aka jera wasan yara ne. Dubi Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya fashe, ruwa ya shanye unguwanni cikin dare, wa ya tsaya neman igiyar inji, kwalekwale ake nema. Kuma ko ruwan sama ne sai kana da inda za ka zubar. Na ga wanda ya sayi irinsa a wata unguwa da ba ta kusa da jinga ba ta kusa da kududdufi, ya tsotse gidansa ya juye a layi, ruwa ya shiga gidan maƙwabci, aka ƙare a gaban mai unguwa. Kafin ka ba da kuɗinka ka fita da ƙafarka ka auna daga inda ruwa yake taruwa zuwa inda zai tafi ba zai dawo ba, tsawon tiyon da za ka saya kenan, kuma kuɗin tiyon zai iya ba ka mamaki.

Babban aikin dai yana can wajen da ya fi ƙarfin aljihuna. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa don yashe kogi da cire kachalla, kuma duk shekara hukumar NIHSA mai lura da ruwan kogunan Najeriya tana fitar da hasashen wuraren da ambaliya za ta iya shafa, sunayen ƙananan hukumominmu na wannan kwarin kuwa ba sa ɓacewa a ciki. In aka buɗe wa kogi hanya aka ƙara wa jinga ƙasa tun rani, injina hutawa zai yi. Buhunan da muke jerawa ma ba sa shekara, rana tana cinye su su zama gari, duk damina sabon saye.

To injin maki nawa na ba shi? In goma ce zan ba shi bakwai. Ɗaya ta tafi saboda tiyon kyauta, ɗaya saboda shan mai, ɗaya kuma ƙararsa, in yana aiki da dare ba mai barci a layin. Fentinsa ya fara tashi, ƙafar roba ɗaya ta ɓace, igiya na canza sau biyu, amma har yau ja biyu ko uku yake kamawa. Da rani ina ba wa maƙwabcin nan nawa haya yana ban ruwan tumatur da shi, kuɗin nake tarawa na baƙin mai da sil, sharaɗi ɗaya na gindaya masa, ranar da aka shiga Yuli inji ya dawo gida. Bana ya kawo shi tun ƙarshen Yuni har da kwandon tumatur a kai, na zubar da tsohon fetur ɗin da ya kwana a kafireta, na canza baƙin mai, na naɗe tiyo na rataye a zaure inda ɓera ba zai kai ba. Saura buhu, har yanzu ban sayo ba.